Abla Zakiya da albashin tsohuwar ɗalibarta

Duk wanda ya san Zakiya tun tana yarinya a unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda zai gaya maka ba a taɓa ganin ta gama cin abinci a zaune ba. A tsaye take ci, a tsaye take shan shayi, ko waya za ta amsa sai ta riƙa kai da kawowa tsakanin ƙofa da taga. Kakanta mutumin Haɗeja ne. Ya taso a ƙafa don aikin Hajji, ya shekara huɗu a hanya yana tsayawa yana ƙodagon noma a Sudan, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, bai sake komawa gida ba. Ubanta Usman a wannan tashar ya yi aiki har ya tsufa, yana kula da ɗakin ajiyar buhunan da ake saukewa daga jirage. Uwarta Ikilima takan ce tafiyar kakan ce ta tsallake ɗa ta faɗa kan jika.

A lungunsu babu yaron da yake kamo ta a guje. In an aike ta sayen burodin tamis da safe, kafin ful, dafaffen waken karin kumallo, ya daina tururi ta dawo. Tana shekara goma sha ɗaya wani baffanta ya gan ta ba takalmi ta tsere wa maza shida daga bakin masallaci zuwa shagon mai kifi. Ya je ya sami Usman. Ba a dake ta ba, ba a ma ɗaga mata murya ba. An dai ɗinka mata abaya, aka ce ta girma. A lokacin kuma makarantun mata na gwamnati ba su da filin wasa, balle malamar motsa jiki. Sai ta juye ƙarfin nan gaba ɗaya cikin littafi, ta karanta kimiyyar sinadarai, ta fito da sakamako mai kyau, aka ɗauke ta malamar ɗakin gwaji a wata kwalejin mata ta gwamnati.

Shekara ashirin da ɗaya ta yi a wannan ɗaki. Ita ke haɗa sinadarai kafin ɗalibai su iso, ita ke tsayawa a kansu kada wata ta zuba ruwa cikin asid, ita ke wanke kwalaben da suka fi ƙarfin masu shara. Ɗalibai na kiran ta Abla Zakiya, wato Malama Zakiya, suna tsoronta, suna kuma son ta. Ta auri Saif, ma'aikacin baladiyya, wato hukumar birni, mai duba tsaftar gidajen abinci, suka haifi 'ya ɗaya, Nuf, suka tashi daga Hindawiyya suka kama gida a bene na uku a unguwar Safa. Albashinta ya hau a hankali, mataki mataki, har ya kai riyal dubu goma sha biyu. Ba ta taɓa raina shi ba. Ba ta ma taɓa tunanin a gwada shi da na wani ba, sai shekarar da kwaleji ta gina zauren wasanni.

Aka ce za a kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗalibai, ta shiga gasar kwalejoji ta ƙasa. Aka kawo mai horaswa. Ranar da aka gabatar da ita ga malamai, Zakiya ta ga wata doguwar mace cikin kayan wasa masu ruwan toka ta ratso taro ta nufo ta, ta sumbaci goshinta.

"Abla! Ba ki gane ni ba? Wejdan ce. Wadda ta fasa miki kwalba uku a rana ɗaya."

Ta gane ta sarai. Wejdan jikar wata maƙwabciyarsu ce a Hindawiyya, tana jin Hausa amma in ta zo mayarwa rabi Larabci ne. Sau biyu ta faɗi jarrabawar kimiyya, a na uku sai da Zakiya ta riƙa zama da ita bayan an tashi kafin ta tsallake da ƙyar. Daga nan ta ɓace. Ashe wasa ta bi, ta buga wa wata ƙungiya a cikin gari, ta tafi waje ta samo takardun horaswa. Yanzu kowa Kabtin Wejdan yake ce mata. Zakiya ta yi murna har cikin ranta, ta koma gida tana ba Saif labari tana dariya.

Bayan mako biyu aka dawo mata da takardarta ta neman sabon injin zuƙe hayaƙi. Na ɗakin gwajin ya tsufa, in an kunna shi sai ƙara, wari kuwa yana nan. Shekara uku ke nan tana rubutawa ana cewa babu kuɗi a kasafin bana. Ta ɗauki takardar ta shiga ofishin ma'aikata wajen ƙawarta Dalal don ta huce. Dalal ta zuba mata shayi, ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Babu kuɗi? Kin san nawa ake ba 'yar taki a wata? Dubu ashirin da shida. Ban da kuɗin gida da na mota."

"Wace 'yar tawa?"

"Kabtin mana. Wallahi da hannuna na shigar da takardar. Kada ki ce a bakina kika ji."

Zakiya ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta fita, ta sauka bene, ta sake hawa, ta tsinci kanta a ƙofar ɗakin karatu ba ta san abin da ya kai ta ba. A ranar ta ba ɗalibai gwajin da suka riga suka yi makon jiya, babu wadda ta iya gaya mata.

Daga nan maganar ta zauna mata a ƙirji. Tana wanke shinkafa tana tunaninta, tana tuƙi a titi tana tunaninta. Ta fara tambayar mutane abin da ba a tambaya. Ta tambayi ƙanwar Saif, ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa, nawa take ɗauka. Ta tambayi maƙwabcinsu ɗan kwana-kwana ta bakin matarsa. Ta gano cewa malamar lissafin da ta koyar da rabin malaman kwalejin, mai digiri na uku, ita ma ba ta kai Wejdan ba. Duk wanda ta ji nasa sai ta zo ta faɗa wa Saif tana tsaye a kansa yana cin abincin rana.

"Ya Ummu Nuf, zauna don Allah," in ji shi. "Ni da nake rufe gidan abinci saboda ɓera, mai soya kaza a wajen ya fi ni samu. Na taɓa hana ki barci a kan haka?"

"Mai soya kaza ba gwamnati ke biyan shi ba, Abu Nuf. Ni da ita ƙofa ɗaya muke shiga."

"To halas, shi ke nan, koyi jefa ƙwallo."

Da wasa ya faɗa, amma ba ta yi dariya ba.

Ta rubuta takardar koke. Ba ta ambaci sunan Wejdan ba. Ta ce malaman ɗakunan gwaji suna neman a duba matakin albashinsu da kayan aikinsu, tunda an ga alamar kwaleji na da hali. Malamai tara suka sa hannu, huɗu suka ce za su yi shawara da mazajensu, ba su dawo ba. Shugabar kwalejin, Duktora Haifa, ta kira ta ofis, ta tarbe ta da gahawa da dabino.

"Abla Zakiya, kin san matsayinki a wurina. Amma albashinku ba ni ke yanka shi ba, tsarin ma'aikatan gwamnati ne, daga sama yake zuwa. Ita kuwa Kabtin kwantiragi ce, kuɗinta daga asusun wasanni yake fitowa, da wani kamfani da ya ɗauki nauyin ƙungiyar. Ko na so ba zan iya ɗebo riyal ɗaya daga can in sa a ɗakinki ba."

"Na ji, Duktora. Amma wa ya yanke cewa aikinta ya ninka nawa?"

"Babu wanda ya yanke. Mata masu takardar horaswa ba su da yawa a ƙasar nan, kowa yana nemansu. In ban ba ta haka ba, gobe wata ƙungiya za ta ɗauke ta."

"Mu kuma da muke da yawa, sai a bar mu da hayaƙi."

Duktora Haifa ta yi murmushi irin na wadda ta saba jin magana ta wuce. Kafin wata ya ƙare sai ga ma'aikata sun kawo sabon injin zuƙe hayaƙi sun kafa. Malaman da suka sa hannu suka zo suka taya ta murna, suka ce ai an ci nasara, a bar maganar haka. Zakiya ta tsaya gaban injin tana jin yadda yake aiki shiru, ranta kuwa bai kwanta ba ko kaɗan. Ji ta yi kamar an ba ta alewa don ta daina kuka.

Sai ta fara zuwa zauren wasannin. In an tashi da la'asar, maimakon ta nufi mota, sai ta hau can saman kujerun 'yan kallo ta tsaya a bayan ginshiƙi. Ta gaya wa kanta so take ta ga da idonta aikin da ake biyan wannan kuɗi a kansa. Ta ga Wejdan na busa usur, tana tsawa, tana tsayar da yarinya ta gyara mata tsayuwar ƙafa sau goma. Ta ga ɗalibanta, waɗanda a ɗakin gwaji ko kwalba ba sa iya riƙewa da kyau, suna gudu daga wannan bango zuwa wancan, gashi a ɗaure, gumi na zuba, babu mai cewa sun girma. Akwai wata Ruba, 'yar siririya, da in ta ɗauki ƙwallo babu mai cim mata. Zakiya ta lura duk sanda Ruba ta zabura, ita ma yatsun ƙafarta sai sun motsa cikin takalmi.

Rana ta biyar Wejdan ta ɗaga kai ta ce, "Abla, inzili, sauko mana. Tun ranar Lahadi nake ganin ki."

Ta sauko. Suka zauna a benci bayan 'yan wasa sun shiga wanka, wato Wejdan ta zauna, Zakiya na tsaye.

"Na ji labarin takardar," in ji Wejdan. "Ba na jin haushi, wallah. Ni ma da na ga adadin sai da na ji kunya. Na tuna ke."

"Ba da ke nake ba, 'yata."

"Na sani. Bas, amma ki sani, Abla, kwantiragina shekara ɗaya ne. In ba mu kai zagayen kusa da na ƙarshe ba, ma'assalama. Ba ni da fansho. Gwiwata ta hagu an yi mata aiki sau biyu. Ke kuma ko shekara nawa..."

"Kada ki lallashe ni da gwiwarki, Wejdan. Ni huhuna na ba su, ba wanda ya saka min farashi."

Wejdan ta sunkuyar da kai, ta juya ƙwallon da ke hannunta. Can ta ce, "Sitti, kakata, tana ba mu labari, wai a zamaninku babu wanda yake kamo ki a lungu. Sahih? Da gaske ne?"

Zakiya ta ce tana da aiki, ta ɗauki jakarta ta fita. A mota ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta tayar ba.

Ranar Juma'a ta je Hindawiyya gaida uwarta. Ikilima ta tsufa, ta ƙi barin tsohon gidan duk da rabin maƙwabta sun tashi. Tana zaune a tabarma tana tsince zoɓorodo a faranti. Zakiya ta zagaya tsakar gidan sau biyu kafin ta yi magana.

"Umma, me ya sa kuka hana ni gudu?"

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. "Yau kuma? Bayan shekara talatin da biyar?"

"Jikar Hajiya Rakia da gudu take cin abinci yanzu. An fi biyan ta a kaina, ni da na koyar da ita."

"To da mun bar ki, ina za ki gudu zuwa? Wa zai biya ki a lokacin? Duwatsu za a bi ki da su." Ta ci gaba da tsintar zoɓorodonta. "Ubanki shekara talatin yana tashar nan, bai taɓa tambayar nawa ake ba matuƙin jirgi ba."

"Da ya tambaya, Umma."

"Da ya tambaya da an kore shi, da ba ki yi karatun ba. Zauna ki taya ni, kina sa ni jiri."

Ta zauna na ɗan lokaci. Ba ta ji an ba ta amsa ba, amma ta rasa wanda za ta kama da laifi, wannan kuwa ya fi komai ci mata rai.

Abin da ta yi bayan haka ya ba kowa mamaki. Ta ga sanarwar kwas ɗin share fage na masu horaswa, na mata, ranakun Asabar har mako shida, ta biya ta shiga ba ta gaya wa kowa ba sai Nuf. Tana da shekara arba'in da shida, sauran duk sa'o'in 'yarta ne. A darasin takarda babu mai kama ƙafarta. Dokokin wasa, sassan jiki, abin da tsoka ke ƙonawa in ana gudu, duk ta haddace su a mako ɗaya, har 'yan matan na zuwa ta yi musu bayani. A fili kuwa abin ya ƙi. Ƙwallon ba ta jin maganarta, ta buga ta a ƙasa sai ta tafi wani wajen. Gudun ma da take taƙama da shi a zuci, da ta gwada zagaye biyu sai numfashi ya sarƙe, ta dafa bango. Ranar jarrabawa ta zo ta ɗaya a rubutu, ta faɗi a fili. Malamar kwas ɗin ta ce ta dawo zagaye na gaba. Ta ce to, ta san ba za ta dawo ba. Nuf ce ta tuƙo su gida ranar.

Ƙungiyar kwalejin ta yi abin kirki a shekararta ta farko, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, wanda za a buga a Madina. Saura kwana goma a tafi, Wejdan ta shigo ɗakin gwaji, ta tsaya nesa da kwalabe kamar yadda aka koya mata tun tana ɗaliba.

"Abla, ina so ki ji daga bakina. Wata ƙungiya a Riyad ta neme ni. Bayan wasan Madina zan tafi."

"Sun fi nan biya?"

"Sun fi."

Zakiya ta yi wata 'yar dariya. "Ashe Duktora ba ƙarya ta yi ba."

"Akwai kuma wata magana. Dole malama ɗaya ta raka ɗalibai, doka ce. An tambayi mutum uku sun ƙi, kwana biyu ne a mota da otal, alawus ɗin kuma ba ya sayen ko takalmi. Na ce a tambaye ki."

"A'a," in ji Zakiya. "Ku da ake biya ku je."

Da ta koma gida ta faɗa wa Saif ta ƙi. Ta faɗa masa da rana, ta sake faɗa masa bayan la'asar, ta kuma kawo dalilai. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tashi ya sauko mata da ƙaramin akwati daga saman kabad ya ajiye a bakin gado, ya fita masallaci.

Ta tafi Madina. A motar ita ce mai rabon ruwa da ƙirga kawuna, ita ce ta tsayar da direba a hanya da wata ta fara amai. A wasan an ba ta kujera a ƙarshen benci, ba ta taɓa ta ba. Tun daga busa ta farko tana bakin layi tana ihu da Larabci, da abin ya yi zafi ta koma Hausa, har alƙaliyar wasa ta zo ta ce ko ta koma baya ko a fitar da ita. Ruba ta ci maki goma sha tara. Duk da haka aka cinye su da tazarar maki biyu a daƙiƙun ƙarshe. 'Yan matan suka zube a ƙasa suna kuka. Wejdan ta tsaya tana tafa musu, fuskarta a bushe, Zakiya kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga su tana cewa yalla, a tashi, a je a gaisa da waɗanda suka yi nasara.

Ranar Lahadi ta shiga ɗakin gwaji ba murya ko kaɗan. A allo ta rubuta darasin, in wata ta yi kuskure sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Wejdan ta tafi Riyad a ƙarshen watan. Kwaleji ta kawo wata mai horaswa daga ƙasar waje, Dalal ta ce wannan ta ma fi Wejdan tsada, har da tikitin jirgi sau biyu a shekara.

Zakiya ta je ta tambayi sharaɗin ritaya da wuri, aka ce da sauranta. Ta dawo ta fara wata takardar koken, wannan karon zuwa ma'aikatar ilimi, ta ce a sake duba matakin malaman ɗakunan gwaji a duk kwalejoji. Cikin tara ɗin da suka sa hannu a ta farko, biyu ne kawai suka yarda su sake. Ta aika da ita haka nan, sunaye uku. An turo mata saƙo a waya cewa an karɓa, an ba ta lamba, ana dubawa. Wata bakwai ke nan, kowace safiyar Lahadi kafin ɗalibai su shigo sai ta buɗe wayar ta duba, har yanzu rubutun bai canja ba.